Qinghai: amsoshin tambayoyin da ake yawan yi kan lardin tuddai da tafkunan gishiri na ƙasar Sin

Yawancin mutanenmu da suka san Caina, Guangzhou suka sani da Yiwu, wato kasuwa da kwantena da zafi mai sa jiki ɗanko. To akwai wata Cainar can yamma wadda ba ta yi kama da wannan ba ko kaɗan, ƙasar makiyaya ce da tsaunuka da sanyi da masallatai, kuma tun da hotunan tafkin nan mai kama da madubi suka fara yawo a waya mutane ke ta tambaya. Ga abin da aka fi tambaya, na amsa daidai gwargwado.

Wai ina ne Qinghai ɗin nan, ba shi ne Tibet ba?

Ba shi ba ne, amma a kan tudu ɗaya suke zaune. Qinghai lardi ne mai zaman kansa a arewa maso gabashin tudun Tibet, Gansu na arewa da gabas da shi, Xinjiang na arewa maso yamma, Sichuan na kudu maso gabas, yankin Tibet kuma na kudu maso yamma. Idan za ka faɗa wa mai sayar da tikiti ka ce "Cinhai", babban birnin kuma Xining ka ce "Shinin", in ba haka ba sai ku yi ta kallon juna.

Girmansa ya kai murabba'in kilomita 720,000, kaga ya ɗara kashi uku cikin huɗu na Najeriya kenan, amma a ƙidayar 2020 mutanensa miliyan 5.9 ne kacal, jihar Kano ita kaɗai ta fi su yawa nesa ba kusa ba. Su ma ɗin yawancinsu sun cunkushe ne a kwarin gabas wajen Xining da Haidong inda ake iya noma, sauran ƙasar sai ka yi awa biyu a mota ba ka ga gida ba sai tanti da tumaki. Kusan rabin mutanen 'yan ƙabilar Han ne, kashi ɗaya cikin huɗu 'yan Tibet, sai Musulmi 'yan Hui da Salar, sai Tu da Mongol. 'Yan Tibet suna kiran yawancin yankin Amdo, kuma Dalai Lama na yanzu, wato jagoran addinin Buda na 'yan Tibet, shi ma a nan aka haife shi a 1935, a wani ƙauye Taktser da ba shi da nisa da Xining.

Tudun nan da ake ta zuzutawa, ya fi Jos ne?

Haba ɗan uwa. Jos wajen mita 1,200 take sama da teku, Mambila wajen 1,600, tsaunin da ya fi kowanne tsawo a Najeriya wato Chappal Waddi a Taraba mita 2,419 ne. Xining da ake ɗauka a matsayin ƙasa-ƙasa a lardin tana wajen mita 2,270, wanda ya taɓa kwana a Addis Ababa a hanyar Caina ya ɗan ɗanɗana irin wannan. Tafkin Qinghai na wajen mita 3,200, matsakaicin tsayin lardin gaba ɗaya ya haura 3,000, kudu wajen Yushu da Golog kuwa sai ka ji ana maganar 3,700 zuwa 4,000 da wani abu a inda mutane ke kwana su tashi. Dutsen Amnye Machen ya kai 6,282.

To me tsayin ke yi wa mutum?

Nan ne nake so a tsaya a karanta da kyau don ita ce maganar da ta fi kowacce. A bakin tafkin, iskar da kake shaƙa a numfashi ɗaya ba ta wuce kashi 70 cikin 100 na wadda ka saba da ita a bakin teku ba. Ba wai za ka faɗi nan take ba, a'a, da ka sauka ma garau za ka ji har ka ce ai ƙarya ake, sai bayan awa shida zuwa kwana ɗaya abun ke zuwa: ciwon kai mai sara, tashin zuciya, abinci ya fita kanka, barci ya ƙi zuwa, ka hau bene hawa ɗaya kana haki kamar ka yi tsere. Kuma ba ruwansa da ƙarfi, sau da yawa matasa masu ji da kansu ne ke fara kwanciya saboda su ne ke gudu da tsalle-tsalle don hoto, dattijo da ke tafiya a hankali ya wuce lafiya.

Maganin farko haƙuri ne. Ka kwana biyu a Xining kafin ka hau tafki, kar ka sauka daga jirgi da safe ka ce da yamma kana garin Heimahe a bakin tafki. Ka'idar da likitocin hawan dutse ke bayarwa ita ce da zarar ka haura mita 3,000, kar wurin kwananka na yau ya ɗara na jiya da fiye da mita 500. A sha ruwa sosai don iskar busasshiya ce, a rage cika ciki da daddare, a bar maganin barci. Akwai ƙwaya acetazolamide da aka fi sani da Diamox, tana taimakawa amma likita ne zai rubuta maka tun daga gida. A can za ka ga ana sayar da wani maganin gargajiya hongjingtian da gwangwanayen oksijin a kowane shago, gwangwanin yana ɗan sauƙaƙa numfashi na 'yan mintuna, shikenan, ba ya warkar da komai.

Alamomin da ba a wasa da su: mutum yana zaune amma yana haki, tari mai kumfa, tafiya yana tangaɗi, ko ya fara magana ba kan gado. Wannan ruwa ne ke taruwa a huhu ko ƙwaƙwalwa ke kumbura, kuma yana kisa. Ba a jiran gari ya waye, a sa shi a mota a gangara ƙasa a nufi asibiti ko da tsakar dare ne.

Malam, ni AS ce, mijina AA, akwai matsala?

Hajiya madalla da wannan tambaya, don Sinawa masu shirya yawon ba za su taɓa yi miki ita ba, ciwon ba nasu ba ne. Mai sikila, wato SS ko SC, ni dai shawarata kar ya je, ƙarancin oksijin da sanyi da bushewar jiki su ne ainihin abubuwan da ke tayar da ciwon, kuma ga su nan duka uku wuri ɗaya. Mai AS yawanci lafiya lau yake rayuwarsa, amma likitoci sun san cewa a wuri mai tsayi sosai jini kan iya toshewa a saifa, alamarsa ciwo mai tsanani a gefen hagu ƙarƙashin haƙarƙari. Ba kowa yake samu ba, amma ki ga likita kafin tafiya, ki hau a hankali, in kin ji wannan ciwon ki sauko ki kuma gaya wa likitan can nau'in jininki ƙarara. Haka mai ciwon zuciya, mai hawan jinin da bai daidaita ba, mai asma mai tsanani da mai juna biyu, duk sai da izinin likita.

Tafkin gishirin da muke gani a hoto shi ne tafkin Qinghai?

A'a, kuma nan mutane da yawa ke rikicewa. Abu biyu ne daban, in ka so ma uku.

Tafkin Qinghai shi ne babba, shuɗi, wanda lardin ya ci sunansa, shi ne tafki mafi girma a duk Caina, murabba'in kilomita wajen 4,500, zagayensa ta hanyar mota kusan kilomita 360. Ruwa ne na gaske mai zurfi har da igiyar ruwa, gishirinsa bai kai rabin na teku ba amma ba ya shawuwa. Shekaru da dama yana ta janyewa, daga wajen 2005 sai ya juya yana ƙaruwa saboda ruwan sama ya ƙaru ƙanƙarar tsaunuka kuma na narkewa, har wasu wuraren kiwo na bakinsa ruwa ya cinye.

Na hoton kuma Chaka ne, yana gaba can yamma, kusan kilomita 300 daga Xining a gundumar Ulan, sai ka tsallake wani hawa mai suna Xiangpi mai mita 3,817 kafin ka gangara masa. Shi ƙarami ne, murabba'in kilomita wajen 105, kuma kusan duk daskararren gishiri ne fari fat da ɗan ruwa iya idon sawu a kai, wannan ɗan ruwan ne ke ɗauko hoton sama.

Na ukun Qarhan ne kusa da garin Golmud, wanda ya fi Chaka girma sau hamsin da wani abu, amma shi wurin ma'aikatu ne ya fi zama.

Me ya sa suke da gishiri, ga Tafkin Chadi shi ma ba ya fita ko'ina amma ana shan ruwansa?

Kowane kogi yana ɗauko ɗan gishiri daga duwatsun da ya ratsa. In tafki na da mafita sai gishirin ya wuce teku, in ba shi da ita rana ta ɗauke ruwan ta bar gishirin, shekara da shekaru yana taruwa. Tafkin Qinghai a da can yana zuba cikin Rawayen Kogi, sai ƙasa ta ɗaga ta toshe hanyar, yanzu kogin Buha da sauran ƙananan koguna na shiga babu mai fita. Akwai ma wani ɗan kogi Daotang da a da yake fitar da ruwa gabas, yanzu ya juya yana kwarara yamma zuwa cikin tafkin. Yammacin lardin kuma wani ƙaton kwari ne, Qaidam, tsaunuka sun kewaye shi, ruwan sama ɗan kaɗan ne ƙwarai, don haka can abun ya wuce ruwa mai gishiri ya koma gishiri zalla.

Chadi kuwa yana da mafita, ba a ganinta ne kawai. Ruwansa na tsiyayewa ta ƙarƙashin ƙasa yana tafiya da gishirin, shi ya sa tafkin ke zama mai daɗin sha, kanwa kuma ke fitowa a kwaruruwan Kanem da ke gefensa.

Chaka ɗin yana da kyau kamar a hoto ko dai gyara ne?

Gaskiya sa'a ce. In ka samu rana mai haske ba iska, da sassafe ko gab da faɗuwar rana, wallahi abun ya fi hoto, ba ka gane inda ƙasa ta ƙare sama ta fara. In kuwa hadari ya rufe ko iska na kaɗawa, fili ne toka-toka mai sanyi da dubban mutane sanye da jajayen takalman roba na haya, mata da jajayen riguna kowa na neman inda ba kowa don hoto. A watan Yuli da Agusta cunkoson ba a magana. Akwai ɗan jirgin ƙasa da ke shiga da mutane tsakiya a kan tsohuwar hanyar ɗaukar gishiri, ka hau shi zuwa ƙarshe ka dawo a ƙafa, ciki ya fi tsabta, bakin ƙofa duk an tattake shi. Akwai manyan gumaka da aka sassaƙa da gishiri a hanya, ni ba su burge ni ba amma yara na so.

A kula da baƙaƙen ramuka a cikin gishirin, wurare ne da ruwa ya cinye ta ƙasa, ƙafa na iya zurmawa. Kar ka shiga ba takalmi, gishirin na da kaifi, kuma in kana da ɗan ƙaramin ciwo a ƙafa za ka yi bayani. Baƙin tabarau dole ne.

Ni a ganina duk wanda ya tsara tafiyarsa kacokan saboda Chaka ya yi caca. Ka sa shi a matsayin ɗaya daga cikin wurare, in an dace alhamdulillahi.

Ana cin gishirin?

Ana ci, an daɗe ana haƙarsa tun zamanin sarakunan da, ana kai shi garuruwa a bayan dabbobi kamar dai yanda ayari ke ɗauko kantu daga Bilma. Amma kuɗin yanzu ba a gishirin miya yake ba. Qarhan ne babbar cibiyar takin fotash ta Caina, daga ruwan gishirin nan kuma ake tace litiyam na batirin waya da motocin lantarki, da magniziyam. Daskararren gishirin wurin yana da ƙarfin da hanyar mota ta kilomita 32 ta bi ta kansa, titin jirgin ƙasa ma ya ratsa. Koren tafkin nan na Dachaidan da ake kira Emerald, shi ma asalinsa ramukan haƙar ma'adinai ne da ruwa ya cika, launin daga sinadaran yake.

Za a iya iyo ko kamun kifi a babban tafkin?

Duka biyun a'a. Ruwan sanyi ƙarara ne ko a tsakiyar bazara, hukuma ta hana, ga shi 'yan Tibet suna ɗaukarsa wuri mai tsarki, za ka ga wasu suna zagaya shi a ƙafa, wasu ma suna kwanciya rub da ciki su tashi su sake har su gama zagaye.

Kifin kuma labari ne mai kansa. Akwai wani kifi marar ɓawo da suke kira huangyu, kusan a nan kaɗai yake, girmansa a hankali yake ƙwarai. Lokacin yunwar da aka yi wajen 1960 shi ya ceci mutane da yawa, aka yi ta kamawa har ya kusa ƙarewa, a 2002 abin da ya rage bai kai tan 3,000 ba. Da aka tsananta hani sai ya farfaɗo, yanzu ya haura tan 100,000. Don haka in wani mai gidan abinci ya raɗa maka wai yana da shi a ɓoye, ka ce ka ƙoshi, laifi ne kan mai sayarwa da mai saye. In kana son ganinsa ka je gundumar Gangcha tsakanin Yuni da Agusta lokacin da suke haurowa koguna don yin ƙwai, ruwan har baƙi yake yi saboda yawansu.

Tsibirin Tsuntsaye da tsofaffin littattafan yawo ke yabo an rufe shi ga baƙi a 2017, kar direba ya karɓi kuɗinka a kansa sai ka tabbatar a buɗe yake. Amma tsuntsayen na nan ko'ina a bakin ruwa, har da dinyar nan mai zane biyu a ka da ke tsallake tsaunukan Himalaya zuwa Indiya.

Wane lokaci ya fi?

Yuli zuwa farkon Agusta shi ne lokacin da ciyawa ta yi kore, gonakin wata shuka da ake matse mai daga 'ya'yanta suka yi fure rawaya shar har bakin ruwa, gundumar Menyuan da ke arewa da Xining ta fi ko'ina wannan. A lokacin ne ake tseren kekuna na zagaya tafkin da aka fara tun 2002. Amma lokacin ne kuma duk Caina ke hutu, otal ya ninka kuɗi. Ni Yuni ko Satumba na fi so. A guji makon farko na Oktoba, hutun ƙasa ne. Daga Disamba zuwa Maris tafkin daskarewa yake yi, sanyin dare na wuce 20 ƙasa da sifiri, wannan ba namu ba ne.

Ko a Yuli ka tafi da rigar sanyi mai kauri, da rana rana na ƙuna da daddare haƙora na kaɗawa. Man kaɗanya ma a saka a jaka, leɓe da hanci fashewa suke.

Musulmi fa, ya zai yi da abinci da sallah?

Nan kam ka huta, Qinghai na cikin wuraren da suka fi sauƙi ga Musulmi a duk Caina. Kusan mutum ɗaya cikin shida Musulmi ne, a unguwar Chengdong ta Xining kuwa sai ka ga farar hula ko'ina, mata da ɗankwali ko lulluɓi. Alamar halal ita ce 清真, ana karanta ta "cinjan", ka ajiye hotonta a waya don rubutun Larabci an cire shi daga yawancin allunan shaguna. Su Musulmin can suna da tsanani a kan wannan, gidan abincinsu da yawa ba sa yarda a shigo da giya ko abincin waje.

Wani abu da 'yan kasuwarmu ba su sani ba: shagunan taliyar hannu da kuke ci a Guangzhou masu allon Lanzhou, da yawansu ba mutanen Lanzhou ba ne, mutanen Hualong ne, wata gunduma ta Qinghai. Kaga kun daɗe kuna cin abincin lardin.

Abin da za ka nema: naman rago dafaffe da ake ci da hannu da gishiri da tafarnuwa ɗanya, shouzhua, naman wurin ba ya ƙarni sam. Sai mianpian, ƙullu ne ake tsinkawa ƙanana cikin romo. Sai kindirmon nonon yak, wato saniyar tsaunuka mai dogon gashi, da ake sayarwa a 'yan kwanuka da rawayen maiƙo a sama, wannan kar ya wuce ka. Da shayi mai dabino da rok-suga da busassun 'ya'yan itace a kofi mai murfi. Akwai tianpei, hatsi ne da aka tsima ya yi zaƙi, Musulmin wurin na sha, amma in ya kwana biyu yana ɗaukar ɗan ƙarfi, mai shakka ya bari. A garuruwan 'yan Tibet ma kusan kullum za ka samu shagon ɗan Hui a bakin hanya, can cikin daji ne kawai sai ka riƙe guzuri.

Babban masallacin Dongguan a Xining an fara gina shi tun ƙarshen ƙarni na 14, a shekarun baya ranar Juma'a yakan cika har titi, ranar Idi kuwa dubun dubata ne. Wanda ya ga tsohon hotonsa da koriyar ƙubba da dogayen hasumiyoyi zai tarar ya canza, a 2021 hukuma ta cire su aka mai da ginin salon Sinawa, kamar yanda aka yi wa masallatai da yawa a ƙasar. Mutanen ba sa son tattauna wannan da baƙo, kar ka matsa musu, kai za ka tafi su suna nan. Hanafiyya ne, za ka ga ɗan bambanci a sallah, ka bi liman kawai. Alƙibla kusan yamma sak take. Kuma duk Caina agogon Beijing take bi, awa bakwai gaba da Najeriya da Nijar, shi ya sa a nan azahar sai bayan ƙarfe ɗaya, magariba a Yuli sai wajen takwas da rabi.

Su waye Salar?

Wannan shi ne wurin da nake cewa a je ko da za a fasa wani. Salar ƙabila ce ta Musulmi a gundumar Xunhua a bakin Rawayen Kogi, kudu maso gabas da Xining, harshensu dangin Turkanci ne ba Sinanci ba. Labarin da suke bayarwa shi ne kakanninsu sun taso daga wajen Samarkand shekaru ɗari bakwai ko fiye, da farin raƙumi ɗauke da Alƙur'ani da ruwa da ƙasar garinsu, raƙumin ya ɓace da dare, da safe suka same shi ya durƙusa a bakin wata maɓuɓɓuga, suka ce to nan ne. Maɓuɓɓugar na nan a garin Jiezi, kuma masallacin garin na ajiye da Alƙur'ani rubutun hannu da ke cikin mafi daɗewa a Caina. Xunhua ƙasa take, ba ta kai tsayin Xining ba, akwai ɗumi, ana noma barkono da goron nan na walnat, don haka wuri ne mai kyau na kwanakin farko kafin jiki ya saba. Ƙauyukansu na da tsofaffin masallatai na katako masu hasumiya kamar rumfa hawa-hawa.

Gidan ibadar Buda da ake kai mutane fa?

Kumbum ke nan, Sinawa na cewa Ta'er, kilomita wajen 25 daga Xining. An gina shi a ƙarni na 16 a inda aka haifi Tsongkhapa a 1357, wanda ya kafa ɗariƙar da Dalai Lama ke ciki. An san shi da siffofin da ake ƙerawa da man shanu. Ba wanda zai ce ka rusuna ko ka kunna turare, kallo ne, wanda zuciyarsa ba ta kwanta ba ya jira a waje. In ka shiga a bi ta hannun hagu ana zagayawa yanda agogo ke juyawa, ba a hoto a cikin ɗakuna.

Ta ina ake zuwa, kwana nawa ya isa?

Daga Guangzhou, Beijing ko Shanghai akwai jirgin sama zuwa filin Caojiabao na Xining. Daga Lanzhou jirgin ƙasa mai sauri awa ɗaya da 'yan mintuna ne. Lasin tuƙinka na gida ko na ƙasa da ƙasa ba ya aiki a Caina, don haka shatar mota da direba ake yi, ko a haɗu mutum huɗu zuwa shida a raba kuɗi. Ka yi ciniki a rubuce tun farko: wuraren da za a tsaya, wa ke biyan mai da kwanan direba, kuma ba shiga shagon sayar da duwatsun ado.

Ƙaramin zagaye kwana biyu zuwa uku ne: Xining, hawan Riyue inda gonaki ke ƙarewa kiwo ya fara, bakin tafki, kwana a Heimahe don fitowar rana, Chaka, a dawo. Wurin shiga na hukuma shi ne Erlangjian, akwai tsada da cunkoso. Makiyaya kan buɗe shingensu su karɓi ɗan kuɗi ka wuce bakin ruwa, hukuma na hanawa lokaci-lokaci. Babban zagayen kuma mako guda ne ko fiye, sama da kilomita 2,000, ya ratsa Qaidam ya shiga Gansu ta Dunhuang da Zhangye ya dawo ta tsaunukan Qilian. Yana da kyau amma rabinsa zaman mota ne.

Ana bukatar wata takarda bayan biza?

Qinghai ba ya bukatar izinin musamman irin na Tibet. Amma akwai yankunan da ba a yarda baƙo ɗan waje ya shiga ko ya kwana ba, musamman wasu sassa na yankin Haixi a yammacin lardin kamar wajen Delingha da can yamma, da gundumar Haiyan a arewacin tafki inda tsohuwar ma'aikata mai lamba 221 take, wadda a nan aka ƙera bam ɗin nukiliyar Caina na farko da aka gwada a 1964 a Xinjiang. Dokar na canzawa, direban da ya saba ɗaukar Sinawa zalla ba lallai ya sani ba, ka nemi kamfanin da ya saba da baƙi ya tabbatar kafin ka biya. Fasfo kullum a jikinka, akwai shingen bincike, kuma ka tambayi otal tun kafin ka je ko suna karɓar ɗan waje. Ba hoton soja ko bariki, ba maganar siyasar Tibet.

Baƙar fata ba a saba gani ba a ƙauyuka, za a kalle ka, za a roƙi hoto da kai, wani ma ba zai roƙa ba. Yawanci mamaki ne kawai, in ka yi sallama ga mai farar hula kuwa sai ka ga fuska ta sake.

Jirgin ƙasan Lhasa, babban birnin Tibet, ta nan yake bi?

Eh, daga Xining yake tashi, kilomita 1,956. Sashen Golmud an buɗe shi 1984, na Lhasa 2006, yana hawa har mita 5,072 a Tanggula, ana sakin oksijin a cikin taragu. Yana ratsa Hoh Xil, dajin da UNESCO ta sa cikin wuraren gado na duniya a 2017, ta taga kana ganin barewar Tibet da jakunan daji da yak. Kudancin lardin nan ne mafarin manyan koguna uku, Yangtze da Rawayen Kogi da Mekong, an mai da yankin gandun ƙasa a 2021. Amma ba za a bar ka ka hau zuwa Lhasa ba sai da izinin Tibet, shi kuma ta kamfanin yawo kaɗai ake samu.

Waya da kuɗi?

WhatsApp, Facebook da Google ba sa aiki a layin Caina, ka shirya tun daga gida. Komai da Alipay ko WeChat ake biya har mai sayar da kindirmo, amma ka riƙe 'yan takardun yuan don wuraren da sabis ke ɗaukewa. Sanyi na shanye batir, a tafi da fawa bank.

Akwai dabbobi masu haɗari?

Karnukan makiyaya. Manya ne masu gashi kuma ba wasa suke ba, kar ka doshi tanti sai mai shi ya fito ya riƙe karensa. Sai wata dabba mai ƙiba da ke tsayawa da ƙafa biyu a bakin rami, mamot, mutane na ba ta biskit suna hoto, kar ka taɓa ta, ƙumar jikinta na ɗauke da cutar annoba, a 2009 ma sai da aka killace wani gari Ziketan saboda ita. Yak ɗin da aka yi wa ado a bakin hanya kuwa na kuɗi ne, ka tambayi farashi kafin ka ɗaga waya.

Wace tsaraba za a kawo?

Busassun 'ya'yan goji na Qaidam, ja da baƙi, suna da araha ba sa lalacewa. Gishirin Chaka a leda, shayi, farar hula, bargon gashin yak. Kilishin yak akwai daɗi amma a duba alamar halal a jikin ledar, kuma ƙasashen da za ka ratsa ba duka ke barin nama ya wuce ba. Za a nuna maka wani tsiro da ke fitowa daga jikin tsutsa, chongcao, ana sayar da shi giram-giram da tsadar da ke gogayya da zinare, ana cewa yana ƙara ƙarfi, jabunsa ya yi yawa kuma baƙo ba ya iya bambancewa, ka bar musu kayansu. Mayafin gashin barewar Tibet da ake kira shahtush kuwa haramtacce ne a dokar ƙasa da ƙasa, in kwastam suka gan shi a jakarka ƙwacewa za su yi, kuma har kotu ana iya kai mutum.